Tauraron Ɗan'adam da Sa Ido kan Ruwa: Daga Duwatsun Zuru Zuwa Bakin Teku

1.0 Gabatarwa

Garin Zuru yana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, a tsakanin duwatsu, kuma tsakaninsa da teku mafi kusa akwai tazarar fiye da kilomita 500. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati na wannan yanki ya ɗauka cewa maganar teku da gaɓarsa magana ce ta mutanen Legas da Fatakwal da Kalaba. Wannan takarda za ta nuna cewa al'amarin ya fi haka faɗi. Za a yi bayanin yadda tauraron ɗan'adam yake lura da ruwa daga sama, da irin abubuwan da ake neman sani a bakin teku, da abin da Nijeriya ta mallaka ta wannan fanni. Daga nan sai a kawo matakan da ya kamata a bi wajen tsara hidimar sa ido, a kuma gwada su da Tafkin Kainji, wanda shi ne babban ruwa mafi kusa da ƙasar Zuru.

Manufar takardar guda ɗaya ce, watau a tabbatar da cewa hoton da tauraro ya ɗauka bai zama hidima ba sai labarin da ke cikinsa ya isa ga mai bukatarsa a kan lokaci, cikin harshen da yake ji. Duk tsarin da ya fara daga sayen na'ura, ya mance da masunci da manomi da matuƙin jirgi, to, an ɗora kaya ke nan ba gammo.

2.0 Dangantakar Tudu da Teku

Ruwan saman da ya sauka a kan duwatsun Zuru, ko ya gangara arewa ya faɗa Gulbin Ka, ko ya bi koramu ya yi kudu, ƙarshensa Kogin Kwara ne. Shi kuwa Kwara tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Jamhuriyar Benin, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan ya rarrabu rassa-rassa a Neja Dalta ya zuba cikin Tekun Atilantika. Duk abin da kogin ya ɗauko a hanya, ko laka ce, ko ragowar takin zamani, ko dagwalon wurin haƙar zinariya, ko leda, sashensa yana kaiwa can.

Lakar da kogi ke ɗaukowa ita ce ta gina ƙasar Neja Dalta tun fil azal. Igiyar teku tana cin gaɓa, kogi yana cike gurbin da yashi da laka. Amma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka bi ta da su Bakolori da Goronyo da Jebba da Shiroro, wani kaso na wannan laka ya koma kwantawa a bayan madatsun. Illar tana da fuska biyu. Tafkunan suna cikewa sannu a hankali, gaɓar teku kuma tana rasa abin da ke ciyar da ita. Ashe ke nan manomin da ya yi shingen dutse a gangaren tudu don hana zaizaya, kamar yadda aka san Dakarkari da yi tun zamanin da, yana da hannu a lafiyar tafki da ta gaɓar teku, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka kuma abin da ke faruwa a teku yana komowa tudu. Iskar damina da ke kawo hadari ƙasar Hausa daga kan Mashigin Tekun Gini take tasowa, kuma ɗumin ruwan tekun yana daga cikin abubuwan da ke ƙayyade ƙarfinta. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwannin arewa ta tashoshin jiragen ruwa yake shigowa. Babban kaso na kuɗin da gwamnatin tarayya ke rabawa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata yana fitowa ne daga man da ake haƙa a Neja Dalta da cikin teku. Idan bakin teku ya sami matsala, albashin ma'aikaci a Zuru ma yana iya jin jiki.

3.0 Yadda Tauraron Ɗan'adam ke Ganin Ruwa

Tarayyar Sobiyat ce ta fara harba tauraron ɗan'adam a 1957. A 1972 Amurka ta harba Landsat na farko, wanda aikinsa ɗaukar hoton doron ƙasa ne, a 1978 kuma ta harba Seasat domin nazarin teku, ko da yake bai wuce wata uku da 'yan kwanaki yana aiki ba. Taurarin da ake amfani da su wajen lura da muhalli sun kasu gida biyu ta fuskar inda suke shawagi. Akwai masu nisa, kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, waɗanda ke juyawa daidai da juyin duniya, don haka kullum suna kallon wuri guda. Irin waɗannan, kamar Meteosat na Turai, su ne ke bin motsin hadari da gajimare. Akwai kuma na kusa, a tsakanin kilomita 700 da 800, masu kewaya duniya ta kusurwar arewa da ta kudu, suna komowa kan kowane wuri bayan 'yan kwanaki.

Ta fuskar yadda suke gani kuwa, ana iya kasa su gida huɗu.

Na farko, masu ganin launi. Ruwa garau yana shanye yawancin hasken rana, sai ya fito da duhu a hoto. Ruwa mai laka yana mayar da haske, sai ya fito fari-fari ko ja-ja. Ruwan da ƙananan tsirrai suka yi yawa a cikinsa yana yin kore. Daga waɗannan launuka ake auna yawan laka da yawan abincin kifi.

Na biyu, masu jin ɗumi. Kowane abu yana fitar da wani haske da ido ba ya gani gwargwadon zafinsa, na'urar kuwa tana iya bambance ruwan da ya ɗara wani sanyi ko da da ƙasa da digiri ɗaya ne.

Na uku, masu amfani da rada. Waɗannan ba sa jiran hasken rana. Su ne ke aiko da nasu sigina ƙasa, su saurari amsa-kuwwarta. Rada tana ratsa gajimare da hazo, tana aiki dare da rana. Ruwa mai motsi yana mayar da amsa mai ƙarfi. Inda mai ya malala kuwa, yana kwantar da ƙananan igiyoyi, sai wurin ya fito baƙi ƙirin. Jirgin ƙarfe yana fitowa kamar ɗigon haske.

Na huɗu, masu auna tsawo. Su ma rada ce, amma aikinsu auna tazarar da ke tsakanin tauraro da fuskar ruwa. Tun daga tauraron TOPEX/Poseidon na Amurka da Faransa da aka harba a 1992 ake wannan awo ba yankewa, kuma ya nuna cewa tsakanin 1993 da 2023 tekunan duniya sun ƙaru da kusan santimita 10.

Wajibi ne mai tsara hidima ya san iyakar kowace na'ura. Kowane ɗigo a hoton Landsat yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, kuma tauraro guda yana komowa wuri bayan kwana 16. Na Sentinel-2 na Tarayyar Turai ɗigonsa mita 10 ne, yana komowa bayan kwana 5 idan taurari biyu suna aiki. Saboda haka irin waɗannan hotuna za su nuna tsibiri ko tarin ciyawa a kan ruwa, amma da wuya su nuna ƙaramin kwale-kwale. Bugu da ƙari, gajimaren damina da ƙurar hunturu suna rufe wa masu ganin launi ido. Matsalar gajimare ce ta sa a 1976 da 1977, da gwamnatin tarayya ta so taswirar dazuzzuka da gonakin ƙasa baki ɗaya, sai aka ɗora rada a jirgin sama aka kewaye Nijeriya da ita.

4.0 Abubuwan da Ake Neman Sani a Bakin Teku

Gaɓar tekun Nijeriya tana da tsawon kimanin kilomita 853, daga iyakar Benin zuwa ta Kamaru. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon cin arzikin ruwan da ke gabanta har mil 200 na teku, watau kimanin kilomita 370. Fili ne wanda jiragen sintiri kaɗai ba za su iya gadinsa ba. Abubuwa huɗu ne suka fi bukatar sa ido.

Zaizayar gaɓa. A farkon ƙarni na ashirin an gina katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas domin kada yashi ya toshe hanya. Katangun suka tare yashin da igiya ke turowa daga yamma, sai gaɓar da ke gabas da su, wadda aka fi sani da Bar Beach, ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru. A Jihar Ondo, teku ya cinye babban sashe na garin Ayetoro, wanda aka kafa a 1947. Idan aka jera hotunan Landsat na shekaru hamsin, ana iya auna mita nawa gaɓa ke ja da baya a kowace shekara, a san inda bai kamata a yi gini ba. Wani binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar bakin teku ta jawo wa Benin da Kodebuwa da Senegal da Togo asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai.

Malalar mai. A watan Disamba na 2011 ɗanyen mai kimanin ganga 40,000 ya malala a filin Bonga, wajen kilomita 120 daga gaɓa. Radar tauraron Envisat na Turai ta ɗauki hoton man yana shimfiɗe a kan ruwa, tsawonsa ya kai wajen kilomita 70. Amfanin irin wannan hoto shi ne yana ba hukuma shaidar da ba ta dogara da bakin kamfani ba. Hukumar da ke kula da malalar mai, NOSDRA, an kafa ta a 2006.

Kamun kifi. A gaban Gana da Kodebuwa, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ɗauke da abin da ƙananan tsirrai ke ci, kifi kuma ya biyo su. Na'urar jin ɗumi da ta ganin launi suna nuna inda hakan ke faruwa, sai a zana taswirar wuraren da ake sa ran samun kifi. Masunci ya rage yawon nema, ya rage ƙona mai. Har ila yau, manyan jirage suna ɗauke da na'urar da ke sanar da inda suke. Jirgin da rada ta gani amma bai sanar da kansa ba, akwai dalilin tuhumarsa da satar kifi.

Dazukan ruwan gishiri. Itatuwan da ke tsira a bakin teku cikin ruwan gishiri su ne maƙyanƙyasar kifi da jatan lande, su ne kuma garkuwar ƙauyuka daga igiya. Na Neja Dalta sun fi na ko'ina a Afirka faɗi. Sara da mai suna rage su, hoton sama kuwa yana nuna inda suka bushe.

5.0 Abin da Nijeriya ta Mallaka

A 1999 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, mai hedkwata a Abuja, kuma tana da cibiyar nazarin hotunan sama a Jos. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha. Wani kamfani ne na Surrey a Ingila ya ƙera shi, ɗigon hotonsa mita 32, kuma ya shiga ƙungiyar taurarin ƙasashe da dama masu taimakon juna a lokacin bala'i. Hotunansa sun yi amfani a Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005. Ya daina aiki a 2012. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2, mai iya nuna abin da faɗinsa ya kai mita biyu da rabi, tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa a lokacin horonsu. An ƙera NigeriaSat-2 ne don ya yi shekara bakwai yana aiki. Duka ukun masu ganin launi ne, babu mai rada a cikinsu.

Ta ɓangaren ruwa akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, da aka kafa a Legas a 1975, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, da kuma hedkwatar Hukumar Kogin Kwara ta ƙasashe tara.

Wani sauyi mai muhimmanci ya auku a 2008, sa'ad da Amurka ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta ga kowa. Tarayyar Turai ta bi sahu da taurarin Sentinel, waɗanda ta fara harbawa a 2014. Daga nan tsadar hoto ta daina zama uzuri. A ƙarƙashin shirin GMES da Afirka, na haɗin gwiwar Tarayyar Afirka da Tarayyar Turai, Jami'ar Gana ta jagoranci cibiyoyin Afirka ta Yamma, har da NIOMR, wajen fitar da taswirar wuraren kifi da aika wa masunta hasashen yanayin teku ta wayar hannu. Amma dogaro da kyautar wasu yana da nasa haɗari. A watan Disamba na 2021 tauraron rada Sentinel-1B ya lalace, kuma sai a Disamba na 2024 aka harba madadinsa. A tsawon shekaru ukun nan hotunan rada sun ragu a sassa da yawa na duniya.

6.0 Matakan Tsara Hidima

Mataki na farko shi ne tantance mai bukata da abin da yake so ya sani. Masunci yana tambayar ko gobe igiya za ta bar shi ya fita. Jami'in tsara birane yana tambayar inda ruwa zai kai nan da shekara ashirin. Lauyan gwamnati yana neman shaidar da kotu za ta karɓa. Tambayoyi uku ke nan, kowace da na'urarta da lokacinta. Ba a sanin su daga ofis. Sai an je an zauna da mutanen.

Na biyu, ƙayyade lokaci. Labarin iska da igiya yana rubewa cikin sa'o'i, na malalar mai cikin kwana ɗaya ko biyu, na zaizaya kuwa ana iya fitar da shi shekara-shekara. Hidimar da ke bukatar amsa cikin sa'o'i tana bukatar ma'aikata masu kwana a bakin aiki, da lantarki da intanet marasa yankewa. In ba a tanadi waɗannan ba, gara a fara da hidimar shekara-shekara a yi ta da kyau.

Na uku, tabbatarwa a ƙasa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ganin tauraro shi kansa yana bukatar shaida. Baƙin wuri a hoton rada yana iya zama mai, yana kuma iya zama inda iska ta kwanta. Koren ruwa yana iya zama abincin kifi, yana iya zama ciyawa. Dole a sami ma'aunin zurfin ruwa a bakin kogi, da masu ɗebo ruwa su kai ɗakin gwaji, da masunta masu bayar da rahoton abin da suka kama.

Na huɗu, rabon aiki tsakanin hukumomi. A Nijeriya akwai hukumar sararin samaniya, da ta hasashen yanayi, da ta lura da koguna, da ta hanyoyin ruwa na cikin gida, da ta tsaron jiragen ruwa, da ta agajin gaggawa, ga kuma ma'aikatun jihohi. Tilas a rubuta a takarda wanda zai karɓi hoto, da wanda zai fassara shi, da wanda ke da ikon yin gargaɗi, da wanda zai ɗauki mataki. Jifan da kowa ya ɗauka wani ne zai tare, a kan talaka yake sauka.

Na biyar, harshe da hanyar isarwa. Ƙasar Indiya ta kafa cibiyar bayanan teku a Haidarabad a 1999, kuma tana fitar da labarin wuraren kifi cikin harsunan jihohin bakin tekunta, ta waya da allunan da ke tashoshin masunta. A Nijeriya ana bukatar Yarabanci da Ijo da Ibibiyo da Turancin buroka a kudu, da Hausa da Nufanci da Barbarci da sauransu a arewa. A nan masana harshe suna da aiki, domin gargaɗin da ba shi da tsayayyun kalmomi yana rikita mai sauraro. Ya kamata a zauna da masunta a tattara kalmomin da suke kiran iska da igiya da matakan cikar ruwa, a gina gargaɗi a kansu.

Na shida, kuɗin ɗorewa. Shirye-shirye da yawa a Afirka sukan yi ƙarfi muddin tallafin waje yana zuwa, su mutu da ƙarewarsa. Albashin masu fassara hoto, da man janareta, da gyaran ma'auni, su ne ya kamata su fara shiga kasafin kuɗi kafin a yi zancen sabuwar na'ura.

Na bakwai, auna sakamako. Yawan taswirorin da aka buga ba shi ne mizani ba. Abin dubawa shi ne mutum nawa suka ji gargaɗi, nawa suka yi aiki da shi, da kuma sau nawa gargaɗin ya zama gaskiya.

7.0 Gwaji da Tafkin Kainji

Tafkin Kainji yana tsakanin Jihar Neja da Jihar Kebbi. Tsawonsa ya haura kilomita 130, faɗinsa duka kimanin murabba'in kilomita 1,250 idan ya cika. Sa'ad da aka yi shi an tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwansu, har da tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa na ƙasar Yawuri. Yana da gaɓa, da igiya, da masunta irin su Sarkawa, da jiragen kasuwa. Kusan kowace matsala ta bakin teku tana da 'yar'uwa a nan.

Kwara yana cika sau biyu a wannan yanki. Akwai farin ruwa, wanda ruwan damina na nan kusa ke kawowa daga Agusta zuwa Oktoba, cike da laka daga Gulbin Sakkwato da rassansa. Akwai kuma baƙin ruwa, watau ruwan da ya sauka a Gini, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali yana zubar da lakarsa, ya iso nan a tsakiyar hunturu garau. Tun da baƙin ruwa watanni yake yi a hanya, ana iya bin sawunsa daga sama, a sanar da masu kula da madatsa da manoman fadama tun kafin ya iso. Farin ruwa ya fi gaggawa, kuma yana zuwa a lokacin gajimare, don haka rada ce maganinsa. A 2020 ambaliya ta shafe dubban ɗaruruwan hektoci na shinkafa a Jihar Kebbi gab da girbi. A 2012 ambaliyar Kwara da Binuwai ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu, ta 2022 kuwa ta kashe fiye da 600, ta kuma yanke Jihar Bayelsa daga sauran ƙasa. Ruwan da ya ci gonar Yawuri shi ne bayan 'yan makonni yake shiga gidajen Lakwaja da Yenagowa.

Sai matsalar baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta Kudancin Amurka ne. Ta bayyana a ruwayen Legas wajen 1984, kafin ƙarshen shekarun nan kuma ta iso Kainji ta saman kogi. Tana toshe mashigar jirage, tana yaga taru. Tun da korenta ya bambanta da launin ruwa, hoton Sentinel-2 yana iya nuna inda ta taru da inda iska ke tura ta.

Abu mafi ɗaci shi ne haɗarin jirgi. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya nutse da mutane fiye da ɗari. Tauraro ba ya hana lodin da ya wuce kima, wannan aikin doka ne da na shugabannin tasha. Amma yana iya taimakawa ta hanya biyu. Hotunan lokacin da ruwa ya ja baya suna nuna tudun yashi da wuraren da dazukan da tafki ya cinye suke, inda kututture ke fasa jirage, sai a zana hanyar da ta fi aminci. Meteosat kuma yana ganin hadari tun yana haɗuwa daga gabas, sa'o'i kafin iskarsa ta iso tafki. Idan wannan labari zai kai ga Sarkin Ruwa da shugaban matuƙa ta rediyo ko ta waya, cikin Hausa, kafin jirgi ya tashi, to, an sami hidima.

Ƙasar Zuru tana da rawar da za ta taka. A 2020 aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin. Ɗalibi mai kwamfuta da intanet yana iya sauko da hotunan shekaru hamsin na yankinsa ba tare da biyan ko kwabo ba, ya auna yawan dajin da aka sare, da faɗin kwazazzabai, da lakar da koramu ke kaiwa Kwara. Wanda ya ƙware a kan Kainji zai iya aiki a Tafkin Cadi, wanda hotunan sama suka nuna ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Zai kuma iya aiki a Legas ko Bonny, gama dabarar ɗaya ce.

8.0 Kammalawa

An ga cewa kogi ya ɗaure tudu da teku da igiya guda, don haka tsarin sa ido kan bakin teku ba ya cika sai ya haɗa da abin da ke faruwa a Kebbi da Neja da Kogi. An ga kuma cewa hotuna sun samu, yawancinsu kyauta, kuma Nijeriya tana da cibiyoyi da masana. Giɓin da ya rage yana tsakanin ɗakin kwamfuta da bakin ruwa.

Saboda haka shawara ga ma'aikaci ita ce, duk sa'ad da aka kawo masa takardar wani shiri na sa ido da tauraro, ya nemi amsar tambayoyi huɗu kafin ya sa hannu: wa zai amfana da labarin, cikin sa'a nawa zai isa gare shi, da wane harshe, kuma wa zai biya kuɗin aikin bayan shekara biyar. Shawara ga ɗalibi kuwa ita ce ya haɗa ilmin taswira da sanin ƙasarsa, ya koyi karanta hoton sama, ya kuma koyi sauraron masunci da manomi, domin su ne za su gaya masa ko abin da ya karanta daidai ne. Ga jami'o'i da gwamnatocin jihohin da Kwara ya ratsa, abin da ya fi sauƙin farawa shi ne ƙaramin ofishi guda mai fitar da labarin cikar ruwa da na hadari kowace safiya, a karanta shi a rediyo tare da labarin kasuwa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.